Ranar da muka yi wa ƙarfe wanka a Damagaram

Ni ne ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ta sashenmu, kuma ba don na iya lissafi aka ba ni ba. Ranar zaɓe makara na yi, ina shiga na tarar an riga an ɗora mini. Abin da na gada jikka 15 ne da wani kaye da ɓera ya ci rabinsa.

Saura mako uku azumi muka zauna a fada ana dafa shayi, shugaba ya ce bana sai mun kai wa marayu da iyayensu mata gero da sukari. Kowa ya ce madalla. Da aka zo maganar kuɗi kuwa, kowa ya duƙa yana kallon kofinsa. Wani ya ce a yi tambola, a sa rago. Bai rufe baki ba Ustaz ya ajiye kofi, ya ce caca caca ce ko da marayu za a ba. Nan aka binne wannan. 'Yan matanmu suka ce su za su yi alkaki da bisap su sayar, muka yi musu irin murmushin nan na maza masu jin babbar dabara na hannunsu.

Babbar dabarar kuwa a wurina take. Na gani a intanet yadda ɗaliban Amurka ke tara kuɗi da wankin mota: su tsaya bakin hanya da kwali, ruwa na ta feshi, kowa na dariya, kuɗi na shiga bokiti. Na miƙe tsaye na yi bayani har da nuna hoto a salula. Aka tafa mini.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne inda nake. Damagaram fa. Garin da ke zaune kan dutse, wanda tun daga Gogo da Arunguza ake janyo masa ruwa, inda in zafi ya tsaya mata ke kwana a bakin famfo da layin jarkoki. Tun muna lakwal aka koya mana cewa ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Nasara da bindigarsa ya bar wa ƙishirwa gari, ni kuma na taho da soso.

Ranar Asabar muka kafa sansani a bakin hanyar da ke zuwa kasuwar Dole. Na sayi jarka 20 wurin mai garuwa, kowace dala 30, jikka 3 ke nan. Omo da soso da bokitai jikka 3. Allon talla jikka 2. Tsohon da ya turo mana kurar ya tambayi bikin wa ake yi, na ce masa mota za mu wanke. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, ɗana, Allah ya ba da lafiya."

Allon nan shi ya fara kashe mu. Ni na tsara rubutun da kaina, da manyan baƙaƙe: WANKIN MOTA SABODA ALLAH. Nufina kuɗin na aikin Allah ne. Mutanen gari kuma suka karanta shi yadda kowane mai hankali zai karanta.

Wajen ƙarfe goma wani Alhaji ya faka wata doguwar mota, daga ganinta daga hanyar Tanut ta fito, don ba ka gane launinta. Mu shida muka far mata. Jarka huɗu ta sha. Na shiga ƙarƙashi na fito kamar wanda aka tono. Da muka gama Alhaji ya zagaya ta, ya shafa, ya ɗaga hannu sama ya yi mana addu'a mai tsawo, har da ta samun mata nagari. Muka ce amin. Ya shiga ya kunna. Na matsa jikin gilashi na ce, "Ranka ya daɗe, ai da ɗan abin da ake bayarwa." Ya nuna allon da carbinsa. "Samari, kada ku ɓata ladarku." Ya ja mota.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga mata da yara, kowa da bokiti. Ashe labari ya kai cikin unguwa cewa 'yan jami'a na rabon ruwa sadaka. Wata tsohuwa ta tsaya tana kallon kumfar da ke gangarawa cikin yashi, ta riƙe haɓa. "Yanzu ku ƙarfe kuke yi wa wanka? Ni kwana biyu tukunyar tuwona na jiƙe da ƙanzo." Na ce, "Iya, ai don marayu muke yi." Ta ce, "Jikokina uku marayu ne, zuba mini." Wa zai yi gardama da wannan? Kafin azahar jarkoki sun zama fanko. Cinikin ranar: 'yan kabu-kabu biyu, dala 50 kowane, ɗayan ma ya ce sai ya dawo. Har yau yana dawowa.

A taron da ya biyo baya na karanta rahoto: an kashe jikka 8, an samu dala 50. Ba wanda ya yi magana sai butar shayi. Can wata daga cikin masu alkaki ta ce su dai sun riga sun haɗa jikka 11 a ɗakunan kwana, amma tana da shawara. A yi kokowa tsakanin ɗalibai, shiga dala 20, sannan a yi gwanjo: wanda ya biya shi zai zaɓi wa zai kama da wa. Aka waiwayi Ustaz. Ya yi tunani, ya ce tun da ba wanda zai ci kuɗin wani, babu laifi. Da na lura da yadda yake kallona a lokacin, da na nemi uzuri.

A ƙasar nan ba sai an yi wa kokowa talla ba. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, inda zakara ke cin takobi, kuma ko yaron da bai iya wanke hannu ba ya san kirari. Aka zuba yashi a fili, aka samo mai ganga, wuri ya cika har da 'yan gari. Ina zaune a ƙofa da kwano ina karɓar kuɗi, raina fari, sai na ji sanƙira na cewa an sa jikka 2 a kan ma'aji. Wani ya ce 3. 'Yan ajinmu suka yi karo-karo suka kai 12. Jikka 5 ta ƙarshe daga aljihun Ustaz ta fito, na gan shi da idona.

Abokin karawata wani ɗan shekarar farko ne, shiru-shiru, kullum yana bayan aji. Sai da ya tuɓe riga na gane cewa shi a ƙauyensu bayan girbi wannan ce sana'arsa. Ni kuwa in iskar hunturu ta taso sai na riƙe bango. Na ce masa a hankali, "Ƙanena, ka tuna ni yayanka ne." Ya ce, "To, yaya." Abin da na sani ke nan. Na ga sama, na ga ƙafafuna a cikinta, sannan yashi ya cika mini baki.

Ina kakkaɓe kunne sai wani mai shago ya taso yana faɗa, wai bai gama buɗe kyamarar salularsa ba. Ya ajiye jikka 5 a sake. Shugaba ya dube ni ya ce, "Marayu fa." Aka sake. Na biyun ya fi na farko sauri.

Da dare na ƙirga kuɗi a kwance, don zama ya gagara: jikka 96, har da na alkaki da bisap da suka ƙare tun kafin la'asar.

Ranar rabo ni aka ba littafin sunaye, ina ɗingishi gida-gida. A wani zaure na yi sallama, sai ga tsohuwar nan. Ta karɓi tiya uku ta gero da ƙullin sukari, ta sa albarka, sannan ta ƙura mini ido.

"Kai ne mai wankan ƙarfe ko? Yaushe za ku sake? Ka aiko a faɗa mini da wuri, na samo babban baho."