Kafin Kawu ya sa hannu a kan manhajar ajiye takardu

Ranar Lahadi bayan isha'i ƙanena ya kira ni daga Kumasi, wai wasu samari sun zo daga Accra har shagon Kawu a Adum da kwamfutarsu, sun nuna masa wata manhaja da za ta tattara duk takardun kasuwancinsa wuri ɗaya, rasit ne, inbois ne, takardun kwastan na Tema, yarjejeniyar haya, komai da komai, danna ɗaya ka ga abinka. Kawu ya ji daɗin abin sosai, amma ya ce a fara tambayar wancan na Jamus, wato ni, tunda aikinsa ke nan.

Shekarata 9 a Hamburg, a ofishin wani kamfanin fito da kaya kusa da tashar jiragen ruwa, kuma irin wannan manhaja da ake kira ECM ita nake buɗewa kullum da safe. To ni ba zan ce wa Kawu kar ya saya ba, wallahi ina son ya saya, don na san halin da takardunsa ke ciki. Rasit ɗin yau ana soka shi a ƙusa a bakin kanta, in ƙusa ta cika a zare a ɗaure da roba a jefa kwalin madara, kwalin kuma yana sama kan buhunan shinkafa. Rasit ɗin inji ɗin nan mai santsi, bayan 'yan watanni cikin zafin sito sai ka ɗauko ka ga farar takarda, rubutu ya gudu. Ga kuma wuta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Kantamanto ta Accra a Janairun 2025, da wadda ta tashi a Adum ɗin kanta a Maris na shekarar, ya san ba kaya kaɗai ke ƙonewa ba, littafin bashi ma yana tafiya, kuma bashin da ba takarda sai dai tsoron Allah na wanda ya ci.

Amma abin da samarin ba su faɗa masa ba shi ne ba manhaja ce ke sa aikinmu tafiya a nan ba. A ofishinmu akwai mace ɗaya da aikinta na farko kowace safiya shi ne buɗe wasiƙu ta zura su a sikana, takarda ba ta kwana ba ta shiga ba. Kuma kowa suna iri ɗaya yake ba ta, kwanan wata, sunan kwastoma, lambar kwantena. In ka saɓa za a dawo maka da ita ko kai ne shugaba. Dokar Jamus ce ta horar da su haka, littattafan kuɗi shekara 10 ake ajiyewa, inbois da rasit ma 10 ne da, sai daga 2025 aka rage zuwa 8, kuma in masu haraji suka zo ba sa jin "bari in duba gida". Tarbiyyar ta riga manhajar zuwa. Mu kuwa a Zango fayil ɗin gaskiya yana cikin kan Alhaji, rabi a WhatsApp ɗin yaron shago, sauran a saƙonnin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na wayoyi uku. Ka ɗora manhajar dala dubu a kan wannan, bayan wata shida za ka tarar da kwalin madara ne dai ya koma cikin kwamfuta.

Kar a ji kamar ina raina namu. Kawu zai gaya maka wanda ya ɗauki buhu 40 daga Bawku tun azumin bara da nawa ya rage, ba tare da ya buɗe komai ba, ban ga Bajamushen da zai iya haka ba. Matsalar ita ce kan mutum ba ya gaduwa. Mun sha gani a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, mai gida ya rasu, kafin sadakar arba'in 'ya'ya sun fara rigima saboda ba wanda ya san me ake bi me ake binsu. Wannan ya fi damuna fiye da GRA, hukumar harajin Ghana, duk da su ma dokarsu ta ce a ajiye takardun haraji aƙalla shekara 6.

Sai maganar kuɗi, wadda nan ne nake so 'yan uwa su buɗe ido. Yawancin manyan nan, SharePoint na Microsoft, DocuWare na Jamus, M-Files na Finland, OpenText na Kanada, ba sayarwa suke yi ka mallaka ba, haya ce, kowane mai amfani da kuɗinsa duk wata ko duk shekara, kuma asalin farashin da dala ne ko yuro ko da an rubuta maka da sidi. Kowa ya tuna 2022, an shiga shekara dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta wuce 13. Kai da sidi kake ciniki, hayar kuma tana bin dala, kaga in ta sake tashi ba ruwansu da ko kasuwa ta yi. Akwai irin su Alfresco da ke da na kyauta, amma kyautar tana buƙatar mai kula da ita, shi kuma albashi zai ci.

Na ce wa ƙanena in sun dawo ya tambaye su, ranar da muka daina biya, ta yaya za mu kwashe takardunmu, kuma a wace siga za su fito? In suka fara kame-kame to a sallame su da mutunci. Ya kuma cire intanet a gabansu ya ga ko abin zai buɗe, don dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, bai mutu ba, kuma netwok a cikin sito ba kamar na bakin titi ba ne. Sannan ya miƙa musu littafin bashin Kawu. Za su ce manhajar tana karanta rubutu daga hoto, gaskiya ne, tana karanta na bugawa da kyau, amma Kawu da ajami yake rubuta sunaye, lambobi ma na Larabci, da biro ja. Wannan sai mutum ya zauna ya shigar da hannu, kuma kuɗin wannan zaman ba ya cikin takardar farashin da suka bari.

Wani abu kuma, akwai hoton Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, na ma'aikata da na wasu masu ɗaukar kaya bashi a cikin takardun nan. Ghana tana da dokar kare bayanai tun 2012, Act 843, da hukumarta. Ko ba doka ma amana ce, bai kamata yaron da ke loda kaya ya buɗe waya ya ga katin mutane da albashin kowa ba. A nan manhaja ta fi kwali nesa ba kusa ba, kana iya cewa wane ya ga wannan, wane bai gani ba, kuma tana rubuta wanda ya taɓa takarda da lokacin da ya taɓa.

Da na samu Kawu da kansa washegari, bayan gaisuwa na ce, Kawu Allah ya ja kwana, a ba ni wata uku kafin a sa hannu. A sa yaro ɗaya mai natsuwa, kullum kafin a rufe shago ya ɗauki hoton duk takardar da ta shigo da waya, ya sa mata kwanan wata da suna, ya tura Google Drive, giga 15 na farko kyauta ne. In an yi wata uku ba fashi, to mun san me muke nema, mun san mutum nawa ne za su riƙa buɗewa, sai mu zauna da samarin mu yi ciniki da ido biyu. Ya yi shiru, sai ya ce "to ɗana, littafin fa? Shi ba na ba kowa." Na ce shi ni zan zo in yi da kaina, mu biyu a ɗaki, yana karantawa ina shigarwa. Na riga na nemi hutu a wajen aiki, babbar Sallah a Kumasi zan yi in sha Allahu.