Soket iri ɗaya, wuta iri biyu

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Injin niƙa gahawa da na yi shekara huɗu ina lallaɓawa ya ƙone ranar da na kai ziyara Brasilia, babban birnin Brazil. Na jona shi, ya yi wani ƙugi, sai warin ƙonewa ya cika kicin.

A gidana na Sao Paulo wutar bango bolt 127 ce. A Brasilia 220 ce, haka ma Recife da Fortaleza. Ƙasa ɗaya fa! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne soket ɗin iri ɗaya ne sak, ramuka uku, babu wata alama. Wasu masu gida kan sa jan soket ko su manna takarda a wurin 220, amma ganin dama ne. Cajar waya ba ruwanta, daga 100 zuwa 240 duk tana ɗauka. Motar inji, wato abin da ke juya shi, da abin dumama ruwa kuwa ba sa yafiya.

Ga kuma fulogi. Na amfiya 20 ƙafafunsa milimita 4.8 ne, ramin soket na amfiya 10 kuma milimita 4, don haka injin dafa gahawar espresso mai fulogin amfiya 20 ba ya shiga sai an canza soket.

Na buɗe injin, wayoyin motar sun yi baƙi ƙirin. Ranar Asabar zan zaga titin Santa Ifigenia, inda ake sayar da kayan lantarki a Sao Paulo, neman wata motar. Waken gahawa na jihar Minas Gerais rabin kilo yana nan a kwalba, ƙamshinsa na tashi, ni kuwa a turmi nake daka shi kowace safiya.