Nasiha: Mu Riƙe Mutuncin Mamatanmu Tun Daga Wurin Wanka

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da wuya a idar da sallar farilla a Harami ba a ji ladan ya ce "assalatu alal amwati yarhamukumullah" ba. Sai mu miƙe, mu yi kabbara huɗu, mu watse. Amma kafin gawar nan ta iso gaban liman, akwai bawan Allah da ya naɗe hannun riga ya wanke ta, ya tsane ta, ya suturta ta, babu wanda ya san sunansa. A cikinmu yawanci dattawa ne da gwaggonninmu, ƙarfinsu kuma yana ƙarewa. Samari da 'yan mata suna gudun aikin, har akwai mai ƙyamar cin abinci kwano ɗaya da mai wankan gawa. Wannan jahilci ne. Wankan mamaci farali ne na kifaya: idan unguwa ta rasa mai yi, kowa ya ɗauki zunubi. Hakim ya ruwaito daga Abu Rafi'i cewa wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri, Allah zai gafarta masa sau arba'in. Ko Kiristocin Katolika sun sa binne mamaci cikin ayyukan jinƙai bakwai da suke koyarwa, balle mu da Annabinmu (SAW) ya miƙe tsaye don gawar Bayahude, ya ce ashe ba rai ba ce?

Aikin yana farawa ne tun da rai ya fita. A rufe idanu, a ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa tsakar kai don kada baki ya saki, a lanƙwasa gwiwoyi da gwiwar hannu a miƙar da su a hankali. Cikin 'yan sa'o'i jiki yake sandarewa, wanda ya yi jinkiri kuma zai sha wuya wajen cire tufafi. Zafin ƙasar nan ba ya jira, don haka a raba aiki: wani ya bi takardar shaidar mutuwa da izinin binnewa, wani ya nemi gurbi a magsala, wato wurin wankan gawa, wani ya tanadi likkafani. Idan gawa ta kwana a firjin asibiti, kada a tilasta wa gaɓoɓi. A bar ta ta ɗan saki, rigar kuma a yanka ta da almakashi. Karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, haka Abu Dawuda ya ruwaito.

Mutum uku sun isa ɗakin wanka, maza ga namiji, mata ga mace, sai dai miji da mata kowanne yana iya wanke ɗan'uwansa, kamar yadda Asma'u bint Umais ta wanke Sayyidina Abubakar. Waya ta tsaya a waje. Abin takaici ne a ga hoton fuskar mamaci yana yawo a WhatsApp da sunan neman addu'a.

A tanadi bokiti uku: ruwa zalla, ruwan garin magarya da aka kaɗa har ya yi kumfa, da ruwan da aka daka kafur a ciki. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, domin mai zafi yana sa fata ta saɓule. A rufe al'aura da tawul mai kauri kuma mai duhu, saboda farin ƙyalle idan ya jiƙe yana manne wa jiki ya bayyana komai. A ɗan ɗaga kai da kafaɗu, a shafa ciki sama-sama don abin da zai fita ya fita yanzu, ana kwarara ruwa. Wanda ya tsallake wannan shi ne yake ganin najasa ta ɓata likkafani bayan an gama ɗaurewa. Mai wanka ya sa safar hannu, ya naɗe ƙyalle, ya yi tsarki ta ƙarƙashin tawul ba tare da kallo ba, sannan ya canza safa.

Sai alwala. Ba a zuba ruwa a baki ko hanci, domin zai gangara ciki ya motsa abin da ke can. Jiƙaƙƙiyar auduga ake shafawa a haƙora da ƙofar hanci. Daga nan a wanke kai da gemu, sai ɓangaren dama gaba da baya, sai hagu. Ana juya mamaci ne a kan haƙarƙarinsa, ba a kifa shi. Ma'aunin duka shi ne umarnin da Annabi (SAW) ya ba Ummu Aɗiyya ranar da 'yarsa ta rasu: sau uku, ko biyar, ko fiye idan an ga buƙata, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Kafur yana ƙarfafa jiki, yana korar ƙwari, shi ya sa ba a ɗauraye shi. Gashin mace a warware, a wanke, a yi masa kitso uku a mayar baya. Lalle ba ya hana ruwa, amma jan farce na kanti sai an goge.

Filastar asibiti a jiƙa ta kafin a ɓare. Inda aka zare allurar ƙarin ruwa yakan yi ta tsattsafo da jini, sai a danna auduga a liƙe. Wanda ya ƙone ko ya fara lalacewa, a kwarara masa ruwa ba cuɗawa, idan hakan ma zai yi ɓarna a yi masa taimama. Alhajin da ya rasu cikin harami kuwa, a wanke shi da ruwa da magarya, a sa shi a mayafansa biyu, ba turare, ba a rufe kansa, domin zai tashi yana talbiyya, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas game da mutumin da ya faɗo daga raƙuminsa a Arfa.

Kan likkafani ake yawan samun saɓani a bakin magsala. Wanda ya tashi a karatun Malikiyya ya san biyar ga namiji har da riga da rawani, bakwai ga mace. A nan kuwa uku ake yi wa namiji, biyar ga mace. Duka ya halatta, wajibin dai tufa ɗaya ne mai rufe jiki, Annabi (SAW) kuma farare uku aka sa masa. Kada a ɗaga murya a kan gawa saboda wannan. Abin lura shi ne a tsane jiki sosai, a auna ƙyalle ya wuce tsawon mamaci da kamar kamu biyu ta kai da ta ƙafa don a samu wurin ɗauri.

Abin da mai wanka ya gani na rauni, ko tabo, ko canjin launi, ya mutu a cikinsa, ko matarsa kada ta ji. Duhun fuska sau da yawa jini ne ya taru ko ciwo ne, ba hujjar mummunan ƙarshe ba ce.

Idan an kai maƙabartar Ma'ala, ko Shara'i'u, ko Baƙi'a, a kwantar da shi kan damansa yana fuskantar alƙibla, a kwance ɗaurin, a toshe lahadu da kyau. Kada a yi saurin komawa mota. A tsaya a nema masa gafara da tabbata, domin a lokacin ake tambayarsa.