Tafiyar minti hamsin ta cinye mini wuni guda

Tsakanin Kano da Abuja ta sama bai fi kilomita 360 da 'yan kai ba. Jirgi na tashi, kafin ka gama shan ruwan da aka miƙo maka an ce a ɗaura bel za a sauka, ko awa ɗaya ba a cikawa. Wannan lissafin ne ya rufe mini ido na sayi tikiti da kuɗin da ya ninka na mota sau da yawa, don in halarci ɗaurin auren ɗiyar yayana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ƙarfe takwas na safe aka rubuta. Shida da rabi ina filin jirgi. Takwas ta wuce, tara ta wuce, babu wanda ya ce mana uffan. Sai wajen goma wata murya ta fito ta lasifika wai a yi haƙuri, an samu "matsalar aiki". Wace matsala? Da na matsa wa yarinyar da ke kan tebur, cewa ta yi, "Alhaji, ka ƙara haƙuri, jirgin yana Legas." Yana Legas! Ashe jirgi ɗaya tal suke wa wannan wahalar, ya je can, ya zo nan, ya koma wancan gari, in ya yi tuntuɓe da safe duk wanda ke bayansa ya shiga uku. Kuma ba lokacin hazo ba ne balle a ɗora wa hunturu laifi, sama garau take.

Dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce in jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, in ya haura uku yana da damar a mayar masa da kuɗinsa. Ko ruwan leda ba mu gani ba. Wata tsohuwa da za ta ga likita tana zaune a kan akwatinta tun asuba, ba wanda ya kalle ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanena da na yi wa dariya saboda ya hau mota a Unguwa Uku da asuba, ya bi ta Zariya da Kaduna da duk ramukan hanyar da fargabarta, ƙarfe ɗaya ya kira ni yana Kubwa yana cin tuwo. "Yaya, kana ina?" Me zan ce masa?

Ƙarfe biyar da kwata muka tashi. Matuƙin har da yi mana albishir wai tafiyar minti hamsin ce kacal, wallahi saura kaɗan in yi ashar. Muka sauka, na ƙara biyan tasi kuɗi mai tsoka saboda filin jirgin Abuja yana can bayan gari, kusan kilomita 40. Na isa gidan biki bayan Magariba, an naɗe tabarmi, yara na kwashe kujeru. Yayana ya dube ni ya miƙo mini goro ɗaya da alawa biyu, ya ce rabona ne aka ajiye mini.