Zangarniyar Alkama a Kan Teburin Ibada

A nan Ingila akwai mabiya wani addini da ake kira Wicca, wanda wani ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner ya fito da shi fili bayan soke dokar hana sihiri a 1951, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 13,000 ne ke bin sa a Ingila da Wales. Ni Musulmi ne, hanyarmu ba ɗaya ba ce, amma aikin hannun da suke yi domin bukukuwansu takwas na shekara ya daɗe yana ba ni abin tunani.

Kowane biki da irin adon da ake yi wa teburin ibada. A farkon Agusta, lokacin Lammas, bikinsu na farkon girbi, sukan jiƙa karan alkama har ya yi laushi, su kitsa shi da zangarniyarsa ya zama 'yar tsana, su ajiye ta kusa da burodin da suka gasa da kansu. A Samhain, bikinsu na tunawa da mamata, daren 31 ga Oktoba, sai a jera hotunan mamata da tuffa da kabewa da kyandir. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai saƙar faifai zai gane haƙurin da wannan kitso yake bukata.

A ganina, abin da suke nema shi ne gonar da rayuwar birni ta raba su da ita. Manomin Daura ko na Maraɗi ba ya bukatar wata alama a ɗaki kafin ya san kaka ta yi, domin ga damman gero a tsakar gida, ga rumbu ana yaɓe, ga kiɗan kalankuwa da dambe a dandali. Ban da haka, Sallarmu lissafin wata take bi, tana zagayawa cikin damina da hunturu da bazara, shi ya sa ba mu ɗaura ibada a kan girbi ba. Su kuwa kalandarsu a yanayin Turai take rataye, har ta kai mabiyansu na Ostareliya sai sun juya ta da wata shida, domin a can yanayin shekara a juye yake.

Inda nake ganin gazawa shi ne kasuwa. A shagunan garin Glastonbury na Ingila ana sayar da adon a shirye, kuma mutum yana iya yin bikin girbi da zangarniyar da ya saya a intanet alhali bai taɓa riƙe lauje ba. Sai dai ba zan cika baki ba, tunda yaran da suka tashi a tsakiyar Kano da Abuja su ma da yawansu ba za su iya bambance gero da maiwa a gona ba.