Tsoffin rijiyoyin ne ke damuna

Wannan aiki na Porthos a Rotterdam ta ƙasar Holland da za su riƙa ɗura iskar kabon tan miliyan 2.5 duk shekara a tsohon ramin gas ƙarƙashin teku gaskiya ya burge ni, dutsen da ya riƙe gas shekaru miliyoyi ai an gwada shi. Amma tsoffin rijiyoyin da aka haƙa fa, in simintinsu ya tsage? Kabon in ya haɗu da ruwa cin siminti da ƙarfe yake. A In Salah ta Aljeriya sun fara ɗura kabon a ƙarƙashin ƙasa a 2004, ƙasa ta ɗan kumbura har tauraron ɗan adam ya hango, 2011 suka dakatar. Don Allah a duba kowace rijiya kafin a kunna famfo.