Injin tururi bai haƙa hanyar Baro zuwa Kano ba

Malam mai rahoto, sannu da ƙoƙari, amma cewar da ka yi injin haƙa mai aiki da tururi ne ya sauƙaƙa shimfiɗa layin dogo na farko, wannan labarin Amurka ne. Can ne William Otis, wanda ya ƙirƙiro injin, ya yi masa rajistar mallaka a 1839. Ko a can ɗin ma ba shi kaɗai yake aiki ba. A kan dogo yake tafiya, sai ga mai zuba masa gawayi, ga masu kawo ruwa, ga leburori suna ciccibar ƙarafan dogo suna shimfiɗa masa a gaba duk sanda zai matsa.

Mu a nan kuwa, layin dogo daga Baro, da ke bakin kogin Kwara, zuwa Kano, da aka fara a 1907 zamanin Girouard, Baturen gwamnan Arewa, ya iso Kano a 1911, diga da shebur da kwanon sarki ne suka yi shi. Har yau tsofaffi "aikin diga" suke cewa. Bature ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida, wani lokacin ana tsakiyar noma. Mutum ya wuni da kwanon ƙasa a kan gammo, a biya shi da sulalla, su kuma ya juya ya biya haraji da su.

Ka duba fa, a waɗancan shekarun ne manyan injinan tururi ke cin ƙasa a mashigin ruwan Panama. Ba rashin injin ba ne, wuyan talaka ne ya fi araha.